Kawu, Mai Masaukin Malamar Cikin Gilashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya riga mu gidan gaskiya. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni, kuma akwai maganar da ke tsakanina da shi wadda har aka sa shi a ƙasa ba mu ƙarasa ba.

Da muka dawo daga maƙabarta, layinmu na Agege, a nan Ikko, ya cika har masu tura baro sai sun zagaya ta baya. Mahautan mayankar Oko-Oba sun zo da jini a bakin wandunansu. Dillalan shanu, abokan sana'arsa, suka kama tabarmar gaba da manyan rigunansu. Buzaye masu gadi suka jeru a jikin bango, suna jan carbi. Iya mai dafa wake, Bayarabiyar da ta yi shekara da shekaru tana rigima da shi a kan kwatar da ke tsakanin gidajensu, ta zube a ƙofar gida tana kuka, tana cewa, "Baba ya tafi. Yanzu da wa zan yi faɗa?"

Kowa da abin da ya tuna. Wannan ya ce daga kan tirela ya diro Ikko bai san kowa ba, Kawu ya ba shi tabarma. Wancan ya ce bai taɓa cin amanar saniyar wani ba. Wani tsohon mahauci ya ce, "Gaskiya ne, amma fa akwai zafi. Ni ya taɓa bi na da sanda daga bakin kara har titi." Aka ɗan yi dariya, aka ce Allah ya gafarta masa.

Ni ina gefe ina jiran in ji wani ya ambaci ɗakin. Babu wanda ya ambata.

Ɗakin da nake nufi shi ne na jikin zaure, mai ƙofa biyu, ɗaya ta waje, ɗaya ta cikin gida. A cikinsa kwamfutocin jami'a suke, a nan mutanen unguwarmu masu karatu daga nesa suke rubuta jarrabawa, har da 'yata ta fari, wadda shekara guda ta rage mata. Mutum biyu kaɗai na ga sun kula da ɗakin a ranar. Babban ɗan Kawu, taubashina, da wani mai sayar da kifin ƙanƙara. Suna tsaye a bakin taga suna leƙe, mai kifin yana auna bango da damtse, yana duba inda firji zai zauna. Ƙasar kabari ba ta bar ƙafarmu ba.

Shi ya sa na ɗauki biro. Ni ba malami ba ne, aji uku na sakandare na tsaya, gyaran janareto nake yi a bakin titi. Wanda ya ga kuskure ya haɗiye. Amma idan aka bar wa dillalai labarin Kawu, shanu kawai za a tuna.

Kawu mai masauki ne tun kafin a haife ni. Wanda bai san aikin ba, ga shi: bafatake ya sauko da shanunsa daga Arewa, gidanka zai kwana, tuwonka zai ci, kai za ka tsaya masa a kasuwa. Kuma ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Da motoci suka yi yawa, fatake suka koma sauke kaya da safe su juya da yamma, ɗakin baƙi ya zama na ɓeraye da tsofaffin igiyoyi.

Wata rana sai ga wata mata Bayarabiya, mai gilashi a ido, da samari biyu suna ɗauke da kwalaye. Ta zagaya unguwa, wannan ya ce ta dawo gobe, wancan ya ce sai an yi shawara, har wani ya gaji ya nuna mata gidanmu. Tana jin Hausa kaɗan, a Arewa ta yi bautar ƙasa. Ta fara bayani tun daga tsaye: ita malama ce a jami'a, sashensu yana gwada wata sabuwar hanya ta koyarwa ta kwamfuta, don wanda aiki ko aure ya hana shi zuwa aji, abin da suke nema shi ne ɗaki da wuta da makulli.

Kawu bai bari ta kai ƙarshe ba. Ya ce, "Ke baƙuwa ce?"

Ta ce e.

"Waɗannan kayanki ne?"

Ta ce na jami'a ne.

Ya ce, "A kawo mata ruwa. Kai Injiniyan bakin kwata, fitar da igiyoyin nan." Ni ke nan, haka yake kirana.

Shi ke nan yarjejeniyar. Bai san mene ne kwamfuta ba, har ya mutu bai iya rubuta sunansa da boko ba. Abin da ya sani shi ne baƙuwa ta zo da kaya tana neman wuri, kuma ba a taɓa fita daga zaurensa da irin wannan buƙata ba.

Matsalar ita ce, da Malama ta tafi ta bar fuskarta a cikin gilashin kwamfuta tana karantarwa, Kawu bai yarda cewa ta tafi ba. A wurinsa baƙuwarsa tana ɗaki. Ya sa doka. Ba a shiga da takalmi. Ba a juya mata baya. Ba a cin gyaɗa tana magana. Idan darasi ya buɗe ta ce barkanku, daga bakin ƙofa inda yake zaune a kan buzunsa zai amsa da ƙarfi, "Barka kadai, Malama, ya gida, ya yara?" Ɗaliban kuwa ba yara ba ne. Akwai mai shayi, akwai tela, akwai masu gadi, akwai matan aure da ke shigowa ta ƙofar cikin gida a nasu lokacin. Duk suna cije leɓe.

Ranar da abin ya fashe ina waje ina wanke filogi. Wani mai ɗaukar nama a Oko-Oba, ƙato mai 'ya'ya, ya danna ya tsayar da darasi. Malama ta daskare a gilashi, bakinta a buɗe. Sai jin sandar Kawu muka yi a jikin ƙyaure.

"Kai! Wa ya tsayar da ita?"

"Ni ne, Baba. Ban gane ba ne, zan mayar da ita baya in sake ji."

"Ka mayar da ita baya? Jakar gidanku ce? Mace da girmanta, da iliminta, tana tsakiyar magana ka toshe mata baki?"

"Baba, ai ba ita ba ce. Ɗauka aka yi tun tuni. Ita yanzu ƙila tana can tana cin amala."

"Muryar wa nake ji?"

"Tata."

"Fuskar wa nake gani?"

"Tata."

"To uban wa ya ce maka ba ita ba ce?"

Aka yi makonni babu mai tsayarwa, babu mai komawa baya. Wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba jirgi ya bar shi. Da gwajin farko ya zo, ɗaliban ɗakin nan suka zube kamar ganyen bishiya. Malama ta zo da kanta hankali a tashe, tana tambaya ko na'urorin ne suka lalace. Da aka gaya mata dalili, ta zauna a kan benci ta yi dariya har ta cire gilashi ta share ido. Ta durƙusa gaban Kawu irin na Yarabawa, ta ce, "Baba, don a mayar da ni baya aka yi abin. Wanda kunya ke hana shi tambaya a aji, a nan ya sa ni in maimaita sau goma, ba na gajiya."

Kawu ya jujjuya maganar. Ya ce, "To, tunda ke kika yafe haƙƙinki. Amma a nemi izini."

Daga ranar, duk wanda zai danna sai ya ce, "Gafara, Malama." Na ji telan nan yana faɗi shi kaɗai a shagonsa, bayan shekaru, da waya a hannu. 'Yata ta ce har yau idan ta manta ba ta faɗa ba, sai ta ji kamar ta tsallake mutum yana salla.

Ni aikina wuta. Wutar gwamnati a Agege kun san halinta, sai ta ga dama. Ana ɗaukewa zan ji muryarsa daga can ƙarshen layi: "Injiniya! Malama na jira!" In bar aikin mutane in zo in ja igiya. Man janareto daga aljihunsa, kuɗin intanet daga aljihunsa idan na jami'a ya makara, ya kori masu kiɗan biki daga layin ranar jarrabawa, ya hana Iya soya manja ta gefen tagar. Ni kuwa daga waje nake tsayawa. Ban taɓa cire takalmina a ƙofar ɗakin nan ba. Wayar wuta ma ta taga nake zura ta.

Ga dalili, tunda na zo wurin.

Ranar da mai shayin ya karɓo takardar kammalawa, shi ne na farko, aka kawo ta majalisar Kawu bayan la'asar. Kawu ya riƙe ta a juye, kai a ƙasa, yana nuna wa dillalai. Baki ya ƙi rufuwa. Yana cewa, "Kun gani? A ɗakina. Jahilci ya fi hauka wuyar magani. Duk wanda ya hana yaro karatu, Allah zai tambaye shi."

Ina tsugune a gindin janareto, hannuna baƙi ƙirin da mai. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Kawu, kai Allah zai tambaya ke nan."

Dillalai suka juyo suna kallona.

Na ce, "Ubana ya rasu, ko arba'in ba a yi ba, ka zo har makarantarmu a ƙauye. Ina cikin aji, ana lissafi, ka tsaya a taga ka yafito ni. Shugaban makaranta ya biyo ka har bakin hanya yana roƙonka, yana cewa yaron nan yana da ƙwaƙwalwa. Me ka ce masa? Ka ce boko ba ya cika tukunya. Ka ɗora ni a kan tirela tare da shanu. Na bi maka wutsiyar saniya a Oko-Oba har gemuna ya fito, da gumin nan ka sa 'ya'yanka a makarantar kuɗi. Yanzu kai ne uban ilimi? Mai shayi ya samu, tela ya samu, ni da nake ɗan ƙanwarka igiyar inji na samu."

Wani dillali ya ce, "Kai, yaro, ka ji tsoron Allah." Na ce masa da furfurata yake kirana yaro.

Kawu ya ɗauko goro daga aljihu ya fasa, bai ci ba. Ya daɗe yana kallon ɓarin biyu a tafin hannunsa. Na ɗauka yau zan ji. Kalma ɗaya nake so, ba gida ba, ba gona ba.

Ya ɗago ya ce, "Ka gama?"

Na ce na gama.

Ya ce, "To injin fa? Malama na jira."

Na tafi na bar injin a buɗe. Na yi wata da watanni ban bi ta ƙofar gidan ba. Amma kullum bayan azahar sai ga kwanon tuwo daga gidan Kawu a bakin rumfata, kamar yadda aka saba. Ran farko na mayar. Aka dawo da shi da saƙo: "In ji Kawu, da mutum ake fushi, ba da tuwo ba." Na ci. Yunwa ba ta san zuciya ba.

Abin da ya mayar da ni gidan Babbar Salla ce. Ya aiko a kira ni, na je ina tsammanin maganar za a tayar. Na tarar an feɗe ragonsa na layya, ya ware cinya guda ya naɗe a takardar siminti. Ya ce, "Ka kai wa Malama."

Na ce, "Wace Malama?"

"Malama nawa gare mu? A garinku ana yin layya a hana malamin yara rabonsa?"

Na ce masa matar nan Kirista ce, albashi take ci, kuma jami'a ba tsangaya ba ce. Ya ce, "Kiristoci ba su da haƙora ne?"

Washegarin hutu na hau motar danfo da cinyar rago a kan ƙafata, an shafa mata gishiri. Kwandasta yana tambaya ko gawa na ɗauko. A ƙofar jami'a masu gadi suka tsare ni, suka buɗe, suka kira wani, wancan ya kira wani. Na bi dogayen baranda, yara sa'o'in 'yata suna wucewa da littattafai suna toshe hanci. Ranar farko ke nan da na taka cikin jami'a a rayuwata, kuma da nama na shiga.

Na same ta a wani ɗan ofis a ƙarshen gini, fanka ba ta aiki. Na ajiye a kan tebur na ce in ji Kawu, rabon malami. Ta buɗe, ta kalla, ta kalle ni. Daga baya ta ce, a makon nan manyansu za su zauna a kan ko a ci gaba da shirin ko a rufe, don wasu na cewa magana kawai take yi wa iska, ba wanda ke can ɗaya gefen. Ta ce ita kanta wani lokaci, tana zaune gaban kyamara a ɗaki ita kaɗai, sai ta ji kamar mahaukaciya. Ta dafa takardar simintin ta ce, "Ashe akwai mutane."

Ban ce cinyar rago ce ta hana a rufe shirin ba. Ita ce ta faɗi haka daga baya, tana dariya. Ni dai na kai, kuma ba a rufe ba. Duk shekara kuma sai na kai.

Shirin ya yi ƙarfi, ƙarfinsa kuma shi ya kwashe wa Kawu mutane. Jami'a ta mayar da darussa cikin waya. Mai gadi yana karatu a bakin get ɗin ogansa, matar aure a gindin murhu. Ba wanda ke buƙatar zuwa ɗakin sai lokacin jarrabawa, don ita dole a yi ta a wuri sananne, a kan kwamfutar jami'a, da mai sa ido da Malama ke turowa. Sauran watannin shekara, ɗakin ba kowa.

Kawu bai daina buɗewa ba. A lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura, ya bar zuwa kara, abokansa na majalisa wasu sun mutu, wasu sun koma gida Arewa. 'Ya'yansa maza suna can Ogba da wasu unguwanni, sai ranar Juma'a. Bayan la'asar zai share ɗakin da kansa, ya shimfiɗa tabarmi, ya kunna kwamfuta guda. Ya koyi inda ake dannawa, wuri biyu, 'yata ta nuna masa. Ya zauna a ƙasa, ya naɗe ƙafa gwargwadon yadda za ta naɗu, Malama tana bayani da Turanci a kan abin da bai san ko mene ne ba, shi kuma yana gyaɗa kai. Har ta gama.

Wata rana ina gyara waya ta taga, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Akwai tabarma."

Na ce ina aiki.

Ya ce, "Na sani ɗauka ce, ba sai ka gaya mini ba. Amma bai kyautu malami yana magana ɗaki ba kowa ba."

Na ce ai ga shi yana ciki.

Ya ce, "Ni ba na jin abin da take cewa. Kai kana ji."

Wannan shi ne iyakar abin da ya taɓa matsowa. Ban shiga ba. Wanda yake so ya ce na yi taurin kai ya faɗa. Tabarma ba ita na tambaya ba.

Ciwon bai ja shi da yawa ba. Ya kwanta, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, ranar wata Talata da hantsi ya cika. Ina wurin, ni na rufe masa ido. Bai ce komai ba sai kalmar shahada, Allah ya sa ita ce ta ƙarshe a gare mu duka.

Bayan an yi sadakar bakwai sai ga Malama. Ta tsufa ita ma. Ta yafa mayafi a karkace, ta shiga cikin gida ta durƙusa gaban Hajiya, matar Kawu, suka yi kuka tare, ɗaya da Hausa, ɗaya da Yarabanci. Da ta fito, muka zauna a zaure, ni da ita da taubashina.

Ta ce ba ta so ta kawo maganar aiki a gidan makoki, amma lokaci ya matse. Shekarun nan duka da bakinta take riƙe da ɗakin. A takardun jami'a babu wani abu wai shi mai masauki. Yanzu an yi sabuwar doka: kowace cibiyar jarrabawa sai tana da mai kula da ita, mazaunin wurin, wanda ba ɗalibi ba, kuma mai takardar kammala sakandare. Ta yi ta ja musu rai saboda Baba. Yanzu Baba ba ya nan. Idan babu irin wannan mutum, za a kwashe kwamfutocin a kai wata cibiya can tsallaken gari.

Na san abin da wannan ke nufi. Maza za su hau danfo su je. Matan da ke shigowa ta ƙofar cikin gida ba za su je ba. Mijin 'yata mutumin kirki ne, amma tun farko ya faɗa mini: ya yarda ne don gidan kakanta ne.

Na juya ga taubashina. Na ce, "Kai ai kana da takardu har sun yi maka yawa."

Ya ce, "Haba Yaya. In bar shagona in zo in zauna gadin kwamfuta? Ni ba na ƙin sadaka ga mahaifina. Idan jami'a ta riƙe ɗakin, na bar masa, ladan ya bi shi. Idan ta kwashe kayanta, Hajiya na fita takaba mai kifi zai shigo. Ba zan bar ɗaki wa ɓeraye ba."

Malama ta ce ko akwai wani a unguwa.

Ya ce, "Ɗakin nan ƙofarsa cikin gida take buɗewa, inda uwata take da ƙannena mata. Ba zan ba bare makulli ba. Sai ɗan gida."

Malama ta dube ni. Ta ce, "Kai fa, Injiniya? Kai ka fi kowa sanin wayoyin wurin nan."

Na ce, "Aji uku."

Ta ce, "Me ya hana ka ƙarasa?"

Taubashina ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motarsa. Ni kuwa dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da daɗi. Na ce a raina, Kawu, ka ji? Ɗakinka da ka share da kumburarrun ƙafafu, ɗakin da ka kori makaɗa saboda shi, yau zai zama gidan kifi saboda abin da ka yi a bakin wata taga shekara talatin da wani abu. Ba ni na rama ba. Abin ne ya zagayo da ƙafarsa.

Na yi kwanaki ina jin daɗin wannan tunani. Ba zan ɓoye ba, har ƙiba na ji ina yi. Sai 'yata ta zo gaishe ni da goyonta, ba ta ce mini komai a kan ɗakin ba, ta share mini rumfa, ta tafi. Da ma ta yi magana, da na sami abin yi wa faɗa.

Malama kafin ta tafi ta bar mini magana guda. Ta ce akwai jarrabawar sakandare da ake yi wa 'yan waje, waɗanda ba sa makaranta. Idan ta ga shaidar na yi rajista, za ta iya riƙe manyanta har sakamako ya fito. Idan na faɗi, ba ta da sauran baki.

Shekaranjiya na rufe rumfa da hantsi na tafi Ogba, wani shago da ake yin rajistar. Layi ne na yara, wasu da iyayensu. Da aka zo kaina, yarinyar da ke kan kwamfuta ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce da Turancinsu na Legas, "Baba, ina yaron? Dole ya zo da kansa, za a ɗauki hotonsa da yatsunsa."

Na ja kujerar da ke gaban kyamara na zauna.

Ta ce, "Baba, wannan kujerar ta ɗalibi ce."

Na ce, "Ɗauki."

Yaran da ke bayana suka fara ƙus-ƙus. Ta kalle ni, ta kalli furfurata, ta ce in miƙo yatsa. Na'urar ta ƙi karɓa, man inji ya cinye zanen. Sai da ta ba ni sabulu na fita bakin kwata na dirje hannu, na dawo, aka gwada wannan, aka gwada wancan, kafin ƙaramin yatsa ya yarda.

Ban sani ba ko zan ci. Lissafin da na bari a allo ranar nan ban sake waiwayarsa ba, ido kuma ya fara gajiya. Idan na faɗi, ku zo Agege ku sayi kifi, za ku same shi da sanyi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari kamar yadda ya yalwata wa baƙi zaurensa, ya sauke shi masaukin da ya fi wanda ya ba mutane. Abin da ke tsakanina da shi kuma, Allah ya san shi, ni ma na san shi, shi ma ya sani. Amin.